Man aduwa da kurkur a cikin ruwa: kundin aikin man shafawa na nano

6 ga Oktoba, 2025

Kaya sun cika, aiki ya kankama. Akwai man aduwa daga wajen wasu mata a wani ƙauye can gabashin Jigawa, da man kaɗanya daga jihar Neja, da saiwar kurkur busasshiya, da ɗan man kanumfari da na darbejiya, sai kwalaben Tween 80 da Span 80 da muka daɗe muna jiran isowarsu daga Legas. Mu uku ne a kan aikin: ni, da malamina mai duba binciken, da wata ƙanwata a karatu da ke shekararta ta ƙarshe.

Mai da ruwa ba sa zama wuri ɗaya, wannan kowa ya sani. Amma in aka farfasa man ya koma ƙananan ƙwayoyi, aka lulluɓe kowace ƙwaya da mahaɗi, wato sinadari irin su Tween da Span ɗin nan da gefensa ɗaya ke son mai ɗayan ke son ruwa, sai su zauna. Madara haka take, haka ma kusan duk farin man shafawa da ke kan kanta. A cikinsu ƙwayar mai kan kai maikiromita 1 zuwa 10, wani lokaci fiye. Nano-imalshan kuwa, wato gaurayen nano na mai da ruwa, ƙwayoyinsa tsakanin nanomita 20 ne zuwa 200. Kaurin silin gashin kai guda ya kai nanomita dubu 70 zuwa dubu 80, don haka ɗaruruwan irin waɗannan ƙwayoyi za su jeru a faɗinsa.

Abin da ya kawo ni ga wannan aiki shi ne ganin yadda 'yan matanmu suka juya wa man kaɗanya baya. Ba don ba ya aiki ba. Sun ce yana da maiƙo, yana naso da rana, yana ɓata hijabi, ga wari. Sai su koma ga man kanti mai sanyi da saurin shiga jiki, wanda da yawansa ba a san abin da ke ciki ba. Ina so in ga ko man itatuwanmu zai iya zama ruwa-ruwa, mara nauyi, ya kuma ɗauki kurkur a cikinsa, ba tare da ya rasa amfaninsa ba.

A ƙarshen Agustan bana gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya na wata shida, tana mai cewa Najeriya ce ke samar da kusan kashi 40 na ƙwarar duniya amma rabonta a kasuwar bai kai kashi 1 ba. Hana fitarwa ba zai wadatar ba in babu masu sarrafawa a gida, kuma sarrafawa ba ta tsaya a tatsar mai ba.

15 ga Oktoba, 2025

Mun tsayar da cewa man aduwa ne zai zama ginshiƙi, kaɗanya kuma ta shigo daga baya a ɗan ƙaramin kaso.

Kaɗanya daskararriya ce a zafin ɗaki saboda yawan kitsen sitiyarik, sai ta taɓa jiki take narkewa. In aka yi ƙwayoyin nano da ita da zafi, tana hucewa sai ta daskare a cikin ƙwayar, siffar ƙwayar ta canza, wani lokaci ta turo abin da aka ɗora mata waje. Akwai masu yin hakan da gangan, amma wannan wani fanni ne daban. Aduwa kuwa ruwa ce, ƙwallonta na ɗauke da mai kashi 40 ko fiye, kuma kitsen linoleyik na da yawa a ciki.

Wannan linoleyik ɗin ne ya ja hankalina. Fata na amfani da shi wajen gina wani nau'in siramaid, wato kitsen da ke riƙe katangarta ta waje. Oleyik kuwa, in ya yi yawa, kwance katangar yake yi. A 2013 masu bincike a Sheffield ta Ingila sun sa manya suna shafa man zaitun a damtse sau biyu a rana na 'yan makonni, wasu kuma zaitun a hannu ɗaya, man sanfulawa a ɗayan. Zaitun, mai yawan oleyik, ya raunana fatar har ta ɗan yi ja. Sanfulawa, mai yawan linoleyik, ya bar ta lafiya ya kuma ƙara mata laima. Ina yawan tuna wannan in na ga ana shafe jarirai da zaitun. Ba kowane man tsiro ne ya dace da kowace fata ba.

Na je wajen matan da ke tatsar mana man. Na tarar da Inna, babbarsu, zaune a kan tabarma da dutse a gabanta tana fasa ƙwallon aduwa ɗaya bayan ɗaya, tana tsince ƙwayar tana jefawa a ƙwarya. Daga nan a jiƙa, a shanya, a soya sama-sama, a kirɓa a turmi, a murza da ruwan zafi har man ya taso a kwashe. Na roƙe ta ta yi mana wani kaso ba tare da suya ba, don wuta na sa man ya yi duhu ya ɗauki ƙauri.

Ta ce, “'Yar nan, in ba a soya ba ai man ba ya fita sosai. Wahalar ɗaya ce, man kuma rabi.”

Na ce, “Inna, a yi mana hakan, kuɗin wahalar za mu biya, ba na yawan man ba.”

Ta amince. Zan rubuta wannan a lissafin kuɗi tun yanzu, don kada a wayi gari a ce man ya yi tsada a nemi rage mata.

24 ga Oktoba, 2025

Makon nan na zaɓen mahaɗi ne. Muna bin ma'aunin HLB, wanda William Griffin na kamfanin Atlas Powder a Amurka ya fito da shi a 1949: ƙaramar lamba na nufin sinadarin ya fi son mai, babba kuma ya fi son ruwa. Span 80 na da 4.3, Tween 80 na da 15. In aka gauraya su ana samun duk lambar da ake so a tsakani. Misali, don samun 11 sai a sa Tween kashi 63, Span kashi 37.

Mun jera kwalabe daga HLB 7 zuwa 14, kowacce mai kashi 5, mahaɗi kashi 5, sauran tataccen ruwa. Littattafai na ba yawancin man tsiro lamba kusan 7, amma wannan na man shafawa mai kauri ne. A wajenmu na 7 da na 8 tun kafin kwana biyu wani farin zobe ya taru a samansu. Na 13 da 14 sun yi kumfa, daga baya mai ya fito fili. Na 10 da 11 ne suka zauna sumul. Da su za mu ci gaba.

3 ga Nuwamba, 2025

Na'urar da ke farfasa ƙwayoyi da girgizar sauti tana aiki, amma tana zafafa samfur da sauri, har kwalbar ta gagari riƙewa. Zafi kuwa maƙiyin man aduwa ne. Yanzu muna zaunar da kwalbar cikin ƙanƙara, muna kunnawa muna kashewa a taƙaice. Wuta ba ta tsayawa, don haka aikin ya koma lokacin da aka ta da janareta.

12 ga Nuwamba, 2025

Yau na ga abin da na daɗe ina karantawa a takarda.

Mun gwada hanyar da ba ta buƙatar babbar na'ura. Ana gauraya mai da mahaɗi tukuna, a ɗora a kan na'urar juyi, sannan a riƙa ɗiga ruwa a hankali. Da fari ruwan ne ke zama ƙwayoyi a cikin mai. Da ya ƙaru sai gaurayen ya yi kauri, ya yi danƙo, har ɗan maganaɗisun da ke juyawa a gindin kwalbar ya fara karkarwa yana neman tsayawa. Ƙanwata ta ce, “Yaya, ya lalace, in zubar?” Na ce ta ci gaba da ɗigawa. Can sai danƙon ya saki gaba ɗaya, abin ya juye: mai ya koma ƙwayoyi, ruwa ya zama gida. A wannan juyin ne ƙwayoyin ke fitowa ƙanana.

Da man aduwa zalla fari ya fito. Da muka maye rabinsa da MCT, wato sassauƙan ɓangaren man kwakwa da ake warewa a masana'anta, muka kuma ninka mahaɗi ya zama biyu bisa ɗaya na mai, sai ya fito garau-garau da wani shuɗi-shuɗi a gefen kwalba. Ana iya karanta rubutu ta bayansa. Dalili shi ne ƙwayoyin sun gaza tsawon zangon hasken da ido ke gani, wanda ke tsakanin nanomita 400 da 700, don haka ba sa tare hasken, shuɗin kawai suke ɗan warwatsawa. Muka kashe fitila muka haska ɗan lesa, jan layi ya ratsa kwalbar a fili, alhali a ruwa zalla ba a ganin komai.

Na yi murna ƙwarai. Amma mahaɗi ninkin mai ba ƙaramin abu ba ne. Yana da tsada, daga waje ake kawo shi, kuma yawansa na iya wanke kitsen fata ya bar ta a bushe. Kyan kwalba ba shi ne burina ba.

27 ga Nuwamba, 2025

Sakamakon awo ya dawo daga wani ɗakin gwaji da ke da na'urar auna ƙwayoyi da hasken lesa. Samfurin girgizar sauti ya tsaya ƙasa da nanomita 200, mai shuɗin nan kuma ƙasa da 100. Ma'aunin bambancin girma a dukansu bai kai 0.3 ba, wato ƙwayoyin sun yi kusan kai ɗaya. Cajin lantarkin da ke jikinsu bai kai milivolt 30 ɗin da ake yawan ambata ba, amma Malam ya ce kada in damu, domin Tween ba da caji yake raba ƙwayoyi ba, dogayen sarƙoƙinsa ne ke hana su matsar juna.

Ƙanƙanta na da riba a fili. Saurin da ƙwaya ke tasowa sama yana tafiya ne da girmanta a ninke, don haka in aka rage ta sau 10, tasowarta na raguwa sau 100. A wannan girma ma, kai-komon da ƙwayoyin ruwa ke sa ta yi ya fi ƙarfin nauyinta, shi ya sa zoben nan ba ya taruwa.

Amma ga lissafin da ya hana ni sakewa. Mililita ɗaya na mai, in aka farfasa shi zuwa ƙwayoyi masu nanomita 100, faɗin fuskarsa gaba ɗaya ya kai murabba'in mita 60. In maikiromita 10 ne, 0.6 kawai. Duk wannan fili a buɗe yake ga iskar da ke cikin ruwa da kuma ɗan ƙarfen da ke ciki. Linoleyik ɗin da na zaɓi aduwa dominsa shi ne kuma ya fi saurin lalacewa ya yi hamami. Mun ƙara bitamin E a ɓangaren mai, da ɗan EDTA a ruwa don ya kama ƙarfe. Ruwan burtsatse ba zai taɓa shiga wannan aiki ba.

9 ga Disamba, 2025

Hunturu ya sauka sosai. Hazo, leɓe na tsagewa, ƙafa na faso, yara sun yi furu-furu. Lokacin ya dace in rubuta abin da nake ganin gaurayen nano zai iya yi wa fata da abin da ba zai iya ba, don talla ta yi wa wannan batu yawa.

Saman fata, wanda ke tare komai, kaurinsa maikiromita 10 ne zuwa 20, matattun ƙwayoyin halitta ne jere hawa 15 zuwa 20. Masana na kwatanta shi da katanga: ƙwayoyin su ne tubali, kitsen da ke tsakaninsu shi ne kwaɓin da ya riƙe su. Wajen rabin wannan kitse siramaid ne, sauran kolestarol da wasu kitse. Iskar hunturu, da sabulu mai kaifi, da wanka da ruwa mai zafi sosai, duk kwaɓin suke ci, ruwan jiki ya riƙa tserewa.

Ƙwayar mai ta nanomita 100 ba ta ratsa lafiyayyiyar fata a dunƙule. Hanyoyin da ke tsakanin kitsen sun fi ta ƙanƙanta nesa. Abin da ke faruwa shi ne, in an shafa, ruwan ya bushe, ƙwayoyin su fashe su shimfiɗu siririn shafi mai rufe ko'ina daidai, su rage tserewar ruwa. Mahaɗin ya ɗan sassauta kitsen fata, sinadarin da ke narke a cikin man ya sami hanya. Wasu ƙwayoyin kuma su taru a ramin gashi su riƙa saki a hankali. Girman sinadarin kansa na da tasiri: a 2000 Bos da Meinardi a Amsterdam suka nuna cewa abin da nauyinsa ya haura dalton 500, wato ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari, da wuya ya ratsa fata. Kurkumin na kurkur 368 ne, yana da dama. Azadiraktin na darbejiya ya haura 700.

Ko dokar kayan kwalliya ta Tarayyar Turai ta 2009, da ta wajabta rubuta kalmar nano a jikin kwali, tana magana ne a kan ƙwayoyin da ba sa narkewa ko suke daɗewa a jiki, masu nanomita 1 zuwa 100. Ƙwayar mai da ke fashewa a kan fata ba irinsu ba ce.

Abin da ke damuna yana wani wajen. Duk abin da ke sauƙaƙa wa mai kyau shiga, yana sauƙaƙa wa mugu. A 2023 NAFDAC ta ayyana shafe-shafen bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Mun san masu haɗi da ke zuba haidirokwinon da sitiroid, har da zaiba, a cikin roba su sayar. Wata ta riga ta aiko mini saƙo tana tambaya ko ruwan nan namu zai sa haɗinta ya fi kama jiki. Na ce mata a'a, ba zan bayar ba, na kuma gaya mata dalili: fatar da sitiroid ya sirantar ba ta da katangar da za ta tare komai. Ban san ko ta ji ba, amma zuciyata ta yi nauyi ranar.

20 ga Disamba, 2025

Kurkur ya shiga. Masu gyaran jiki sun daɗe suna haɗa shi da dilka wa amare, don haka ba baƙo ba ne a fatarmu. Kurkumin da danginsa kashi 2 zuwa 5 ne kawai na saiwar, kuma kusan ba sa narkewa a ruwa. Galibin abin da ake shafawa a gari saman fata yake zama ya rina ta, a wanke ya tafi.

Mun daka saiwar da kanmu, muka jiƙa a itanol, muka tace, muka busar. Garin kasuwa ban yarda da shi ba tukuna. A Bangladesh, binciken da masana daga jami'ar Stanford suka fitar a 2019 ya gano ana goga wa saiwar wani rawayan fenti mai ɗauke da dalma don ta yi kyan gani. Duk kurkur ɗin da zai shiga man shafawa ya kamata a auna dalma a cikinsa, kuma mun ware samfur don haka.

Tsantsar ta narke a MCT fiye da yadda ta narke a aduwa, abin da ya ƙara ba MCT gurbi a haɗin. Launin ya fito rawaya mai haske, ba gudaji. Abu biyu za a kiyaye. Haske na cin kurkumin, don haka kwalabe masu duhu. Sannan ba ya jure kaifi: duk wadda ta taɓa sa sabulu a tabon kurkur ta ga yadda yake komawa ja, kuma a irin wannan yanayi yake saurin rushewa. Mun riƙe pH, wato ma'aunin tsami da kaifi, a wajen 5, wanda shi ne ma na lafiyayyiyar fata.

Rini na nan. A bayan hannuna ya bar rawaya kaɗan, a farin ƙyalle kuwa sosai. Sai mun rage yawansa.

8 ga Janairu, 2026

Kwalaben da muka bari kafin hutu sun ba da labari. Na aduwa da MCT na nan yadda suke. Wanda aka yi da man kanumfari zalla kuwa ya tashi daga garau ya koma fari, mai har ya fara tasowa.

Ba haɗewa ƙwayoyin suka yi ba. Yujinol, wanda shi ne mafi yawan man kanumfari, yana ɗan narkewa a ruwa. Ƙaramar ƙwaya na da matsi a cikinta fiye da babba, sai man ya riƙa silalewa daga ƙananan ya bi ta ruwa ya shiga manyan. Ƙananan su ƙare, manyan su ƙara girma. Ana danganta bayanin wannan ga Wilhelm Ostwald, masanin sinadarai na Jamus, kuma shi ne babban abin da ke kashe gaurayen nano. Maganinsa a haɗa da man da ba ya narkewa a ruwa sam, ya riƙe shi a ƙwayar. Aduwa na yin wannan aiki da kyau. Duk da haka kanumfari zai zauna a ɗan mitsitsin kaso, domin yujinol na cikin ƙamsassan da aka san suna ta da borin fata.

Darbejiya mun ajiye ta. Farfasawa ta ƙara fito da warinta, ba wanda zai shafa a fuska.

19 ga Janairu, 2026

Na so ƙwarai ƙaro ya maye gurbin Tween. Namu ne, ana tsintarsa a Borno da Yobe da Jigawa, Sudan kuma ita ce kan gaba a duniya, kuma kamfanonin lemon kwalba da shi suke riƙe man ƙamshi a ruwa. Mun samo na dakwara mai kyau. Ya riƙe man, amma ƙwayoyin ba su sauko yadda ake so ba, ga ɗan danƙo a fata. Kashi kusan 10 ne kawai na ƙaro, ɓangaren da ke da furotin, ke manne wa mai, kuma ƙwayoyinsa manya ne masu jinkirin isa. Zan gwada shi a matsayin mataimaki tare da lesitin na waken suya, ko ya rage mana Tween da kashi ɗaya cikin uku.

2 ga Fabrairu, 2026

Kwalbar da muka bari da gangan ba maganin ƙwayoyin cuta ta yi funfuna, baƙi-baƙi a bakin murfi. Na ajiye ta don in riƙa nuna wa masu sana'ar man shafawa a gida. Man kaɗanya zalla na iya shekara ba komai saboda babu ruwa a cikinsa. Namu kuwa kashi 80 ko fiye ruwa ne. Bitamin E ba ya kashe ƙwayar cuta, lalacewar mai kawai yake jinkirtawa, kuma mutane da yawa na rikita biyun.

Muna gwada finoksi-itanol, wanda dokar Turai ta ƙayyade kada ya wuce kashi 1, da kuma sodiyam benzowet da ke aiki in pH na ƙasa da 5. Akwai tarko: Tween 80 na iya kama maganin ya ɓoye shi, har ma a ɗakunan gwaji da shi da lesitin ake kashe ƙarfin irin waɗannan magunguna in ana so a ƙirga ƙwayoyi. Don haka zuba adadin da littafi ya ce bai isa hujja ba. Dole a yi gwajin ISO 11930: a zuba ƙwayoyin cuta iri biyar da gangan, a bi su har kwana 28.

16 ga Fabrairu, 2026

Gwajin zafi. Samfura na zaune a firji, a zafin ɗaki, da kuma a digiri 45. Na girgizar sauti, wanda fari ne mai ƙarancin mahaɗi, ya jure. Mai shuɗin nan da ya fi burge mu shi ne ya fara dusashewa a 45.

Dangin Tween na rage son ruwa in zafi ya ƙaru, har a kai matakin da gaurayen ke juyewa. Kozo Shinoda na Japan ya bayyana wannan tun ƙarshen shekarun 1960. Ba sai an kai matakin ba, kusantarsa kawai na sa ƙwayoyi su fara haɗewa. Galibin takardun da nake karantawa a digiri 25 suke ajiye samfur su ce ya zauna. A Kano zafin Afrilu na haura 40 a inuwa, balle cikin shagon kwano ko bayan mota a hanyar Maiduguri.

Na ce wa Malam, “Allah gafarta Malam, ina ganin mu bar mai kyan, mu riƙe farin.”

Ya ce, “Malama, mai saye ba na'urar awo gare ta ba. Wanda zai kai damina bai rabu ba shi za ki riƙe.”

Haka aka yi. Farin na da ƙarancin Tween, ya fi sauƙi a fata, ya kuma karɓi kaɗanya kashi 1 ba tare da ya yi gudaji ba.

9 ga Maris, 2026

Azumi ya sa mun mayar da aiki safiya. An haɗa kwalaben Franz, na'urar da ake auna ratsa fata da ita tun 1975: samfur a sama, fata a tsakiya, ruwa mai ɗumin digiri 32 a ƙasa, ana ɗiba lokaci-lokaci a auna kurkumin. Littattafai sun fi amfani da fatar kunnen alade. Mu za mu yi da fatar roba ta Strat-M, da kuma ta akuya daga mayanka don kwatance.

Takardar neman izinin gwaji a kan mutane na gaban kwamitin ɗa'a. Na dage a sa rukuni uku: gaurayen nano, da man shafawa na yau da kullum da aka yi da mai iri ɗaya, da man kaɗanya zalla. Za a auna laimar fata da yawan ruwan da ke tserewa daga cikinta, kuma kafin komai a yi gwajin ɗan shafi a damtse don ganin ko zai ta da ƙaiƙayi. In kaɗanya zalla ta fi mu riƙe ruwa, wanda zai iya yiwuwa tunda ta fi toshe fata, haka zan rubuta, sai a duba ko sauƙin shafawa da ɗaukar kurkur sun isa su biya ƙarin kuɗin.

A lissafin farko mahaɗi da maganin ƙwayoyin cuta da kwalba mai duhu sun fi man kansa tsada. Gwajin ƙaro da lesitin ne zai nuna ko za a iya saukowa. Bayan salla za mu kai kwalabe wani shagon kwano a bar su a kan kanta har ƙarshen Mayu, a riƙa ɗauko ɗaya duk mako biyu ana auna girman ƙwaya, da pH, da launi, da wari. Sakamakon dalma na kurkur bai dawo ba tukuna, kuma ba za a shafa wa kowa komai ba sai ya dawo.